Alƙali ya yanke wani abu ana tsakiyar shari'ar gona: za a iya ɗaukaka ƙara nan take?

Muna shari'ar gonar gado a Babbar Kotun Jiha, alƙali ya ƙi karɓar takardar cinikin da na kawo. In ɗaukaka ƙara yanzu?

Ƙofa a buɗe take, amma ƙarama ce. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kai tsaye idan hukuncin ƙarshe ne, ko kuma ƙorafinka kan doka ne zalla. In ya haɗa da auna hujja ko ganin damar alƙali, sashe na 242 ya ce sai ka nemi izini tukuna. Wanda ya tsallake izinin, korar ƙararsa ake yi ko da shi ke da gaskiya.

Ta yaya ake gane na ƙarshe?

Ana duba ko ya raba gardama gaba ɗaya. Alƙali ya ce ba shi da hurumi, magana ta ƙare a gabansa, na ƙarshe ne. Ya ce yana da hurumi, a ci gaba, wannan na tsakiya ne.

An hana ni shiga gonar ga damina ta kama. Shi ma sai da izini?

A'a. Bayar da umarnin hani ko ƙin bayar da shi yana cikin abin da sashe na 241 ya keɓe, haka tsare mutum da riƙon yaro. Dalilin a fili yake: manomin Ringim da shukar gero ta wuce shi, hukuncin baɗi ba zai cika masa rumbu ba.

Wa'adi fa?

Na tsakiya kwana 14 kacal, na ƙarshe kuwa wata 3 a shari'ar da ba ta laifi ba. Wannan na Babbar Kotu ne. In a kotun shari'ar Musulunci ta garinku kuke, tambayi magatakarda nasu wa'adin.

Shari'ar za ta tsaya har a gama?

Ba ta tsayawa don ka shigar da takarda, sai kotu ta amince. A shari'ar laifi ma, sashe na 306 na dokar tafiyar da shari'ar laifi ta tarayya (ACJA) ta 2015 ya hana kotunan da take aiki a kansu sauraron irin wannan roƙo, saboda masu jan shari'a shekara da shekaru.

To me ya fi?

In ba hani ba ne ko hurumi, ni dai haƙuri na fi so. Lauyanka ya tabbatar an rubuta ƙin amincewarsa, a haɗa ƙorafin da babbar ƙara bayan hukunci, a nemi ƙarin lokaci in ya kama. Kuɗin mota zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kano da na tattara takardu kan kusa cinye amfanin gonar.