Su wane ne "mawalid" a Saudiyya?

Idan ka zauna da Hausawan Makka ko Jidda ana hirar 'ya'ya, ba a daɗewa za ka ji an ce, "Ai wane mawalid ne." Kalmar Larabci ce, jam'in maulud, wato abin haihuwa, amma a can ta zama sunan waɗanda aka haifa a Saudiyya, suka girma a cikinta, alhali ba 'yan ƙasa ba ne a takarda. Dokar jinsiyyar Saudiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, uba take bi. Inda aka yanke maka cibiya ba ya ƙara maka komai. In mahaifinka fasfon Najeriya ko Nijar ko Cadi yake riƙe da shi, kai ma shi za ka gada, ko da kakanka a Shara Mansur da ke Makka aka raɗa masa suna.

Kada a haɗa su da Hausawan da kakanninsu suka samu jinsiyya tun da wuri, masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Waɗannan cikakkun 'yan ƙasa ne. Sau da yawa unguwa ɗaya aka tashi, wani lokaci ma dangi ɗaya, takarda ce kawai ta raba.

Yaro ba ya gane wannan bambanci da wuri. Muddin ubansa na da igama mai rai, wato takardar izinin zama, yana ƙarƙashinta, zai sa farar jallabiya ya tafi makaranta tare da 'ya'yan maƙwabta, ya iya Larabcin Hijaz fiye da Hausa. Ranar da ya kammala sanawiyya, wato sakandare, ne lissafi ke sauyawa. Abokin da suka yi shekara 12 a aji ɗaya zai wuce Jami'ar Ummul Ƙura ko ta Sarki Abdul'aziz kyauta, har da ɗan alawus a wata. Shi kuwa sai ya nemi gurbi cikin 'yan kujerun tallafi da ake ware wa baƙi mazauna ƙasar, ko uba ya biya jami'ar kuɗi, ko a tura shi gida karatu. Kafin yaƙin 2023 Sudan ma mafita ce ga wasu.

Ga kuma shekaru suna ƙure shi. Ɗa namiji ba ya dawwama a igamar uba: bayan 18 sai da shaidar karatu, ya kai 25 kuwa dole ya koma ƙarƙashin kafili, wato wanda zai ba shi aiki. Mace takan zauna a ta mahaifinta har ta yi aure. Daga Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, kuɗin ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Riyal 4,800 ke nan a shekara kan kai ɗaya. Magidanci mai 'ya'ya shida da ke tuƙi ko gadi, ina zai samo? Shi ya sa za ka ji uba na cewa, "Ɗana, ka nemi kafili, ni kam na gaza." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Neman aikin ma ba sauƙi. Tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat a 2011, ana auna kamfani da yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka, kuma a wannan ma'auni ɗan mawalid daidai yake da wanda ya sauka daga jirgi jiya. A 2016 aka keɓe wa Saudiyawa sayar da wayar hannu da gyaranta, sana'ar da samarin baƙi da dama suka dogara da ita. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya sassauta sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili ba, amma bai taɓa asalin matsalar ba. A ganina nan ne asarar take: ƙasa ta yi wa yaro karatu da kuɗinta, ya san harshe, ya san mutane, sannan ta sa shi layi ɗaya da sabon zuwa.

Wannan duk na masu takarda ne. Waɗanda iyayensu suka shigo Umara ko Hajji suka maƙale, 'yan takari, da yawansu ko shaidar haihuwa ba su da ita, balle makarantar gwamnati. Tun suna ƙanana suke wankin mota, dako, ko tura tsofaffi a keke lokacin aikin Hajji, ido ɗaya na kan aiki, ɗaya na duban motar jami'ai. Samamen 2013 da na 2017 sun kwashi da yawa zuwa tarhil, wato inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasashensu.

Wanda aka sauke a filin jirgin Malam Aminu Kano, a takarda gida ya dawo, amma bai san hanyar garin ubansa ba, Hausarsa kuma ta sha Larabci har 'yan adaidaita na tsokanarsa. Masu sa'a sukan samu aikin tafinta a kamfanonin Hajji da Umara, ko koyar da Larabci a Islamiyya, ko su buɗe shagon abaya da turare da jarin da 'yan'uwa ke turowa daga Jidda.