Labaran Tono Kayan Tarihi Masu Haɗe da Almarar Kimiyya

Wannan wani reshe ne na ƙagaggun labarai, akasarinsu da Turanci, inda jarumi, galibi masanin tono kayan tarihi, yake bin sawun wani kabari, kufai ko tsohon rubutu. Abin da ya raba shi da labarin farautar dukiya zalla shi ne, in an kai ga abin, sai a tarar yana ɗauke da wata fasaha ko sinadari da kimiyyar yau ba ta kai gare shi ba.

Ana danganta tushensa da King Solomon's Mines na H. Rider Haggard (1885). Michael Crichton ya ƙara masa gishirin kimiyya a Congo (1980) da Timeline (1999), inda aka tura ɗaliban tarihi Faransa ta shekarar 1357. A Sandstorm (2004), James Rollins ya ɓoye wani makamashi mai hatsari a ɓataccen birnin Ubar na ƙasar Oman.

Zubin kusan ɗaya ne. Ana buɗewa da wani abu da ya faru a zamanin da, sannan a dawo yau a tono alamarsa. Sai abokan gaba su shigo, a yanke wa jarumi wa'adi, babi ya zama gajere. A ƙarshe wurin yakan rufta ko ya nutse, domin da fasahar ta tsira, dole marubuci ya bayyana yadda ta sauya duniya.

Inda marubuta suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ƙiyasin shekaru. Gwajin carbon-14 yana aiki ne kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi, ƙashi ko itace, kuma ba ya wuce kimanin shekara 50,000, tunda rabin sinadarin yana ƙarewa duk shekara 5,730. Ba ya faɗin shekarun dutse. Gasasshen yumɓu irin gumakan Nok kuwa, wani gwajin ake yi masa, na hasken da yake fitarwa in an ɗumama shi. Sai kuma gaggawa: a littafi jarumi yakan fizge gunki ya ruga, alhali a aikin gaske ana kankare ƙasa hawa-hawa da ƙaramin cokalin magina da burushi, a auna, a ɗauki hoto, kafin a ɗaga komai. Kayan da aka cire ba a rubuta mazauninsa ba ya rasa yawancin abin da zai faɗa.

Akwai kuma tsohon zargi, cewa irin waɗannan labarai suna ƙwace wa mutane aikin kakanninsu su ba baƙi, ko ma halittun wata duniya. An daɗe ana yi wa ganuwar Great Zimbabwe, kufan wani tsohon birnin duwatsu a ƙasar Zimbabwe, haka, duk da cewa masana tono kayan tarihi David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 sun nuna 'yan Afirka ne suka gina ta.