Waiwaye: Konkani da harshen Norwe, rigimar da aka yi a kan takarda

Wanda ya ji an haɗa Konkani da harshen Norwe a magana ɗaya zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Konkani harshen gaɓar tekun yammacin Indiya ne, ana jin sa a Goa da Mangalo har zuwa Kochi ta Kerala, kuma ƙidayar 2011 ta samu masu magana da shi sun haura miliyan 2.2. Harshen Norwe kuwa na mutum fiye da miliyan 5 ne a arewacin Turai. Masana sun ce kakansu ɗaya, domin duka biyun 'ya'yan babban gidan harsunan Indiya da Turai ne, sai dai zumuncin ya yi nisa ƙwarai. Konkani na ajiye aikatau a ƙarshen jimla kamar danginsa Marathi da Hindi, na Norwe yana sa shi a gurbi na biyu. Abin da suka riƙe tare na gado shi ne jinsi uku: namiji, tamata, da wanda ba ko ɗaya ba.

Kamarsu ta gaske tana cikin tarihi. Kowannensu ya daɗe a bakin jama'a alhali ana rubutu da harshen wani.

Norwe ta shiga ƙarƙashin sarautar Danmak a 1380, ba ta fita ba sai 1814. Cikin waɗannan ƙarnuka harshen Danmak ya mamaye coci da kotu da makaranta. Da aka rabu, sai tambaya ta taso: da me za a yi rubutu? Knud Knudsen, malamin makaranta, ya ce a riƙe rubutun Danmak a riƙa gyara shi sannu a hankali har ya dace da lafazin 'yan birni masu ilimi. Ivar Aasen, ɗan manomi da ya koyar da kansa, ya zaɓi wata hanya. Ya bi ƙauyuka yana tattara karin harshen talakawa, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, daga nan ya gina sabon ma'aunin rubutu. A 1885 majalisar ƙasar ta daidaita matsayin biyun, kuma a 1929 suka samu sunayen da ake kiran su da su yau, Bokmål ga na hanyar Knudsen da Nynorsk ga na Aasen.

Gwamnati ta so ta narkar da su su zama ɗaya, musamman da gyaran rubutu na 1938. Abin ya ci tura. A shekarun 1950 iyaye a Oslo suka riƙa ɗaukar alƙalami suna gyara littattafan 'ya'yansu na makaranta, suna soke kalmomin da hukuma ta cusa. Sai a 2002 aka jingine manufar a hukumance. Yanzu Nynorsk na da wajen kashi ɗaya cikin goma na ɗalibai, yawancinsu a yammacin ƙasar, amma doka ta tsare masa gurbi a ofisoshi da makarantu, kuma da shi Jon Fosse ya yi rubutun da ya kai shi ga lambar Nobel a 2023.

Konkani ya sha wuya fiye da haka. Turawan Fotugal sun ci Goa a 1510. Da farko limaman mishan sun koyi harshen don wa'azi, har wani Baturen Ingila, Thomas Stephens, ya rubuta masa nahawu da aka buga a 1640. Amma a 1684 mahukunta suka yi doka ta tilasta harshen Fotugal. Matsin addini da yaƙe-yaƙe sun riga sun kori jama'a da dama zuwa kudu, kuma duk inda suka sauka sai suka ɗauki haruffan masu masauki. Shi ya sa harshe ɗaya ya wayi gari da rubutu iri biyar: Devanagari (haruffan da ake rubuta Hindi da Marathi da su), na Romawa, Kannada, Malayalam, da haruffan Larabci a wajen Musulmin Bhatkal. Bahaushen da ya san yadda mai boko zalla ke tsayawa cirko-cirko a gaban takardar ajami zai gane matsalar. Ɗan Norwe ko ba ya son Nynorsk zai karanta shi, tunda haruffan ɗaya ne. Ɗan Goa kuwa yana iya kasa karanta wasiƙar ɗan'uwansa na Mangalo.

Ga kuma raini daga maƙwabta. An daɗe ana cewa Konkani karin harshen Marathi ne kawai, har Hindun Goa da yawa suna magana da shi a gida amma suna karanta jarida da yin ibada da Marathi. Shenoi Goembab, marubucin Konkani wanda ya rasu a 1946, ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙaryata wannan. Bayan Indiya ta karɓe Goa a 1961, ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1967 ta ƙi a haɗe ta da jihar Maharashtra ta masu harshen Marathi. Hukumar adabi ta ƙasa, Sahitya Akademi, ta amince da Konkani a 1975, ya zama harshen hukuma na Goa a 1987 bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta, sannan ya shiga jadawalin harsunan tsarin mulki a 1992.

A nan ne hanyoyin suka rabu, kuma a ganina ta Norwe ta fi adalci ko da ta fi tsada. Dokar 1987 ta ce Konkani na hukuma shi ne na haruffan Devanagari. Kiristocin Goa, waɗanda addu'o'insu da wasan daɓensu na tiatr duk da haruffan Romawa ake rubuta su, sun tsaya tsayin daka a fafutukar, sai ga dokar ta fito babu rubutunsu. Har yanzu ƙungiyoyi irin su Dalgado Konknni Akademi suna neman a gyara ta, marubutan Mangalo masu haruffan Kannada su ma suna kukan cewa sai an juya littafinsu zuwa Devanagari kafin a duba shi a gasar Sahitya Akademi.