Hamadar Gobi ba ta yashi da zafi kaɗai ba ce

Da an ce hamada, sai a hango tuddan yashi da rana mai ƙuna. Shi ya sa wasu baƙi ke nufar Gobi, a kudancin Mongoliya, da 'yan riguna shara-shara. Wannan kuskure yana iya jawo wahala. Galibin Gobi tsakuwa ce da duwatsu, yashin kaɗan ne, irin na tuddan Khongor. Ga sanyi: a watan Janairu yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, kuma ƙanƙarar kwazazzabon Yolyn Am takan kai watan Yuni ba ta narke ba. Dubi raƙumin Gobi mai tozo biyu, gashi buzu-buzu har wuya. Makiyayan kuwa cikin ger suke kwana, zagayayyen tanti na gashin tumaki, murhu a tsakiya yana cin busasshen kashin dabbobi.