Gurɓatar Kogin Conasauga da Sinadaran Masana'antar Kafet

Kogin Conasauga yana arewa maso yammacin jihar Jojiya a Amurka, yana ratsa yankin Dalton, garin da ake saƙa mafi yawan kafet ɗin ƙasar. Hedikwatar kamfanin kafet na Shaw Industries tana Dalton, ta Mohawk Industries kuma tana Calhoun. Shekara da shekaru masana'antun yankin sun yi ta shafa wa zaren kafet sinadaran PFAS, wani dangin sinadarai masu kabon da fulorin da ake haɗawa a masana'anta, irin su Scotchgard na kamfanin 3M da Stainmaster na kamfanin DuPont, don kada tabon mai ko na shayi ya kama shi.

Waɗannan sinadarai ba sa ruɓewa. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin a cikinsu yana da ƙarfin da rana da ƙwayoyin halitta ba sa iya tsinka shi, matatun ruwa na yau da kullum ma ba sa cire su. Dattin ruwan rini da wanki yakan tafi hukumar Dalton Utilities mai kula da ruwan garin, ita kuma ta tace shi ta fesa a dajin Loopers Bend, fili mai faɗin eka sama da 9,000 a bakin kogin. Dabarar ita ce ƙasa ta shanye dauɗar. Ƙasa ta sha ruwan, amma PFAS ya riƙa tsiyayewa cikin kogi. A 2008 masu bincike na Jami'ar Jojiya suka wallafa cewa sun same shi da yawa a wurin.

Conasauga yana haɗuwa da Coosawattee su zama Oostanaula, wanda a da garin Rome na Jojiya yake ɗibar ruwan sha daga cikinsa. Daga nan ruwan ya bi Kogin Coosa ya shiga Alabama, har tafkin Weiss da garin Gadsden, inda mutanen da ba su ci ribar kafet ba suke shan ragowarsa. Hukumar ruwan Gadsden ta kai ƙarar kamfanonin kafet kotu a 2016. Rome ta karkata ga Kogin Etowah, ta shigar da tata ƙarar a 2019, aka yi sulhu kan miliyoyin daloli a 2023.

A 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA, ɗaya daga cikin dangin PFAS, a jerin masu haddasa sankara. A Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade PFOA da ɗan uwansa PFOS a ruwan sha kada kowanne ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan.