A Turanci, aikin kalma ne ke nuna ajinta

Kusan duk wanda ya yi firamare ya haddace azuzuwan kalmomin Turanci guda 8: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi, kalmar motsin rai, sai ƙananan kalmomin nan irin su "in" da "on" masu nuna wuri ko lokaci. Tsarin ya samo asali ne daga masana nahawun Girkanci tun kafin haihuwar Annabi Isa, ya biyo ta Latin, sannan Turawan Ingila suka ɗora harshensu a kai. Wanda ya yi karatun zaure kuwa ya san malaman nahawun Larabci gida uku suka kasa magana: ismi, fi'ili da harafi. Kasafin dabara ce ta malamai don sauƙaƙa koyo, shi ya sa masana na yanzu sukan ware wa su "a", "the" da "this" aji na tara.

Haddar ba ta da laifi. Abin da ke damuna shi ne ana barin ɗalibi da ita ba tare da an gaya masa ƙa'idar da ke riƙe da komai ba: ba a yanke wa kalmar Turanci aji sai an ga aikin da take yi a cikin jimla.

Ɗauki "fast". Idan ka ce "Muslims fast in Ramadan", aikatau ce, wato yin azumi. A "we break the fast at sunset" ta koma suna, azumin kansa da ake buɗe baki da faɗuwar rana. A "a fast car" sifa ce, tana siffanta mota mai gudu. A "he runs fast" kuma bayanau ce, tana faɗin yadda yake gudun. Haruffan nan huɗu ba su canza ba, amma aji huɗu suka shiga. Idan aka tambaye ka ajin "fast" ita kaɗai, amsar da ta dace ita ce a kawo jimlar tukuna.

To, ta yaya za a gane? A gwada kalmar. In ta karɓi "the" a gabanta ba tare da tana siffanta wata kalma ba, ko ta yi jam'i, suna ce. In tana sauya siffa da sauyin lokaci, kamar "fasted" ga wanda ya yi azumi jiya, aikatau ce. In kuwa bayani take ƙarawa, sai a duba wa take yi wa hidima: mai bayyana suna sifa ce, mai bayyana aiki ko wata sifar bayanau ce.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne ɗafin "-ly". An koya musu cewa duk kalmar da ta ƙare da shi bayanau ce, alhali "friendly" da "lovely" sifofi ne. Ga kuma "hard" da "hardly". "Musa works hard" yabo ne, Musa yana aiki tuƙuru. "Musa hardly works" kuwa cewa aka yi da ƙyar yake taɓa aiki. Mai rubuta wa yaronsa takardar shaidar aiki, in ya zaɓi ta biyun don yana ganin ta fi kama da Turanci, ya ɓata masa suna bai sani ba.

Wannan ƙa'ida tana da maki a jarrabawa. A takardar Turanci ta WAEC da NECO akan ciro kalma daga nassi a ce ɗalibi ya kawo wadda za ta maye gurbinta. Kusancin ma'ana kaɗai bai isa ba. In kalmar tana aiki a matsayin aikatau mai nuna abin da ya wuce, dole wadda za a kawo ta zama aikatau a lokacin da ya wuce. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibi ya cire kalmar asali, ya saka tasa a gurbin, ya karanta jimlar tun daga farko ya ji ko ta zauna daidai.