Waiwaye: sauron Sakkwato bai fara taurin kai bana ba

Duk damina sai gardamar ta dawo a majalisun Sakkwato: wasu su ce gidan sauron da ake rabawa ya daina aiki, wasu su ce maganin feshin ne aka surka. Masu cewa sauro ya yi taurin kai sun yi gaskiya, sai dai taurin kan ya girmi yawancinmu.

Kowa na tuna taron Abuja na 2000 kan zazzaɓin cizon sauro, da barin kulorakwin a 2005 bayan ƙwayar cutar ta saba da shi, da maganin damina da ake bi gida-gida ana ba yara.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru a ƙasarmu. A 1954 aka fara gwajin feshin bangon ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, da magungunan kashe ƙwari na DDT da kuma dieldrin. Da fari sauro ya yi ta zuba. Kafin 1955 ta ƙare, sai aka samu sauro a garin Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, wanda dieldrin ba ya kashewa, kuma daga irin da ya fi yaɗa cutar a Afirka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: 'yan kaɗan da suka tsira su ne suka yi ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana goma ya isa a zafinmu. Damina ɗaya, an yi jikoki da tattaɓa kunne. Abin da ke faruwa ke nan yau da maganin da ke jikin gidan sauro, duk da cewa ragar har yanzu tana tare cizo, kuma ni ban yarda a jefar da ita ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne mun ci gaba da canza guba, muka bar ruwa. Tun da Sakkwato ta zama babban birnin jiha a 1967, gine-gine suka gangara kwari da bakin fadamar Rima. Sauron zazzaɓi bai damu da baƙin ruwan kwata ba. Ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, tankin masu buga bulo, sawun taya a titin da ba kwalta. Wanda ya ratsa unguwar Mabera a watan Agusta ya ga irin ruwan, yana kwance mako biyu a ƙofar gidajen da yara ke kwana.